A Ofis Ana Yabon Haƙurina, A Gida 'Yata Tana Laɓewa In Na Shigo

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, shekaruna 37, ina da mata da 'ya'ya uku, ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani. Ba wata babbar musiba ce ta same ni ba, shi ya sa ma nake jin nauyin rubuto maka. Ƙananan abubuwa ne: cunkoson hanya da safe, intanet ta ɗauke daidai lokacin da zan tura aiki, oga ya dawo mini da takarda a gaban mutane kan kuskuren da ba ni na yi ba, wanda nake bi bashi ya daina ɗaga wayata. Bara aka yi ƙarin girma aka tsallake ni, 'yar sana'ar da na zuba jarina a ciki kuma ta durƙushe. A wurin aiki ba na tankawa, har yabon haƙurina ake yi. Amma da na shigo gida abu kaɗan ke tunzura ni. Makon jiya 'yata mai shekara 6 ta kifar da ruwa a kan wasu takardu, na daka mata tsawar da ni kaina na tsorata. Tun ranar, in na yi sallama sai ta laɓe bayan uwarta. Da daddare kuma barci ba ya zuwa, sai in yi ta maimaita abin da aka faɗa mini da amsar da ya kamata in bayar. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri. To, haƙurin nake yi, amma ƙirjina kullum a cushe yake. Yaya zan yi in dawo da natsuwata irin ta da?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yaye maka. Ka fara sauke nauyin nan da ka ce kana ji, domin ƙanƙantar abu ba ta hana shi cin mutum. Babbar musiba da 'yan jaje take zuwa: a ba ka hutu, a zauna da kai, in ka yi kuskure a yi maka uzuri. Amma ba mai takowa ya yi maka jajen cunkoson hanya, ko na takardar da aka wurgo maka a gaban na ƙasa da kai. Kai kaɗai za ka kwashe su, gobe a ƙaro wasu. A 1981, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Richard Lazarus, da abokan aikinsa sun bi mutum 100 masu matsakaitan shekaru tsawon watanni, suna tambayar su ƙananan abubuwan da ke ɓata musu rai yau da gobe, da manyan da suka afka musu. Sai suka tarar ƙananan sun fi manyan nuna wanda damuwa za ta kama. Ka ga ke nan ba ragwanta ke damun ka ba.

Sai dai zan yi wa tambayarka gyara kaɗan. In abin da kake nema shi ne ka zama mutumin da komai aka yi masa ba ya ji a ransa, to ka daina wahalar da kanka, babu irin wannan mutumin. Mutanen da kake gani natsattsu, su ma ransu yana ɓaci. Bambancinku shi ne su suna dawowa daidai cikin rabin awa, kai kuwa ɓacin ran safe yana raka ka har kan gado. Saurin dawowar nan shi ake koyo, kuma shi zan tsaya a kai.

Mu bi ranarka ɗaya. Ƙarfe bakwai da rabi kana cikin cunkoso, wani ya kutso gabanka ba ko alama. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi ne, kuma ba ya tsayawa bambance karen da ya biyo ka da mutumin da ya raina ka. Nan take yake tayar da jiki, a kwararo sinadarin adirenalin daga wasu 'yan ƙullutu da ke saman ƙoda. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, muƙamuƙi da kafaɗa su ɗaure. Duk cikin daƙiƙu. Bayansa sai wani sinadarin, kotizol, wanda yake kai ƙololuwa bayan minti 20 zuwa 30, kuma yakan ɗauki awa guda ko fiye kafin ya sauka. An shirya jikinka don gudu ko dambe, kai kuwa kana zaune riƙe da sitiyari. Bai gama sauka ba, ƙarfe goma oga ya ƙwala maka kira. Ka yi murmushi, ka ce "to, ranka ya daɗe", ka koma kujera. Da azahar intanet ta ɗauke. Da la'asar ka buga wa mai bashinka, wayar ta yi ta ringin har ta katse. Ko sau ɗaya jikin nan bai koma ƙasa ba.

Wani masani, Dolf Zillmann, ya gwada wannan tun farkon shekarun 1970. Aka tsokani mutane, aka sa wasu daga cikinsu suka tuƙa keken motsa jiki, sannan aka ba su damar ramawa. Waɗanda zuciyarsu ke bugawa da sauri saboda keken sun fi zafin ramuwa, ba tare da sun san keken ya ƙara musu wuta ba. Jiki ba ya rubuta sunan wanda ya tayar da shi. Ragowar tashin hankalin wani abu takan zube a kan abu na gaba. Saboda haka tsawar da ka daka ba ta ruwan da ya zube ba ce. Ta mai mota ce da oga da mai bashi, ta sauka a inda ka san ba za a rama ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ban faɗi haka don in wanke ka ba, yarinyar ba ta ci bashin kowa ba. Na faɗa ne don ka gane gyaran ba daga ƙofar gida zai fara ba, daga ƙarfe bakwai da rabi na safe ne.

Yanzu batun "ka yi haƙuri". Masu faɗa maka haka ba su yi ƙarya ba, sun dai ba ka rabin magana. Abin da kake yi a ofis shi ne ka ɗaure fuska, ka haɗiye, ciki kuwa yana tafasa. James Gross na Jami'ar Stanford ya shafe shekaru yana nazarin wannan. Abin da ya yi ta gani shi ne, wanda ya ɓoye abin da yake ji a fuska bai rage jin ba, jikinsa ma ƙara tashi yake yi. Akwai gwajin da aka wallafa a 2003 inda aka haɗa mutum biyu hira, aka ce wa ɗaya ya danne abin da yake ji. Hawan jinin abokin hirar ma sai da ya ƙaru. Wannan ya kamata ya tsaya maka a rai, domin ma'anarsa ita ce ko ranar da ka shigo gida ba ka ce uffan ba, iyalinka sun ji a jikinsu.

Wasu kuma za su ce maka ka amayar, ka samu wuri ka yi ihu, ka naushi filo. Wannan shawarar ta fi ta farko muni. A 2002 Brad Bushman ya tara ɗalibai 600, aka ɓata musu rai ta hanyar kushe rubutunsu. Wasu aka sa su naushin buhun 'yan dambe suna tuna wanda ya kushe su, wasu aka ce su zauna shiru minti biyu kawai. Masu naushin nan su suka fi kowa fushi daga baya, suka fi kowa zafin ramuwa. Zaman banza ya fi amayarwar amfani. Haka abin yake in ka kira aboki kuka kwashe awa guda kuna zagin oga: za ka ji daɗi a lokacin, amma bita ka yi wa fushin, gobe zai fi saurin zuwa.

To in haɗiyewa ba ta yi ba, amayarwa ba ta yi ba, me ya rage? A sauko da jiki tukuna, tunani ya biyo baya. Mutum ba ya iya yi wa kansa nasiha zuciyarsa tana dukan tara-tara. Da ka ji alamar (kowa da tasa, wani kunnuwansa ke zafi, wani haƙora yake cijewa, kai ƙirji ka ambata), abu na farko ka rufe bakinka. Na biyu ka canza yanayin jikinka. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Zarr cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin mutum biyu da suka yi cacar baki a gabansa har fuskar ɗaya ta yi ja, ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗa abin zai tafi, ita ce neman tsari daga shaiɗan. Ka lura, ba a ce wa mai fushi ya zauna ya yi nazarin wanda ke da gaskiya ba. Jiki da harshe aka fara kamawa.

Na uku numfashi, kuma akwai yadda ake yin sa. Lokacin da kake shaƙa zuciya tana ɗan ƙara gudu, lokacin da kake fitarwa tana ragewa. Don haka fitarwar ake ja. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka saki ta baki a hankali kana ƙirga shida ko takwas, kafaɗa a sake. Minti biyu ya isa ka ji bambanci. Ba mai sanin kana yi. Za ka iya yin sa a kujerarka bayan ka fito daga ofishin oga, ko a cikin cunkoson. Kada ka jira sai abu ya yi tsanani. Bayan kowane ƙaramin ɓacin rai ka biya shi minti biyunsa nan take, don kada ya taru da na gaba. In ka ɗauki abu ɗaya tak daga amsar nan, wannan nake so ka ɗauka.

Akwai kuma amfani ka kira abin da sunansa, a zuci: "Kunya nake ji, an dizga ni a gaban mutane." Sau da yawa in ka tona, abin da ke ƙarƙashin fushin namiji ba fushi ba ne, kunya ce ko tsoro, tsoron kada kuɗi su kasa, tsoron kada shekaru su tafi yana wuri ɗaya. Wanda ya ce "tsoro nake ji" ya san abin da zai nemi maganinsa. Wanda ya ce "kowa haushi yake ba ni" sai dai ya nemi wanda zai huce a kansa.

In abin ya riga ya kai maƙura, musamman a gida, ka bar wurin. John Gottman, wanda ya daɗe yana nazarin ma'aurata yana auna bugun zuciyarsu suna tsaka da saɓani, ya ce da bugun ya haura 100 a minti, mutum ya daina sauraro, sai kare kai da kai hari. Kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Amma da sharaɗi biyu. Ka sanar kafin ka fita, ka ce, "Raina ya ɓaci, ba na son in faɗi abin da zan yi nadama, ina zuwa." Fita fuu ba magana horo ne ga wanda aka bari, ba hutu ba. Sannan cikin minti 20 ɗin nan kada ka zauna tsara hujjojinka. Ka yi alwala, ka taka a hankali, ka gyara wani abin da ya lalace. Wanda ya fita yana bitar faɗa, da faɗan zai dawo. Ku yi wannan yarjejeniyar da maiɗakinka tun ana zaman lafiya, don ranar da ka ce "ina zuwa" ta san ba raini ba ne.

Ƙofar gida ita ma tana son nata shiri. In ka iso, kada ka faɗa ciki kai tsaye da wayar da kake amsawa a kunne. Ka kashe mota ko ka tsaya daga nesa kaɗan, ka ba kanka minti biyar. Ka duba hannunka, ko a dunƙule yake. Ka duba goshinka. Ka yi numfashin nan. Ka tambayi kanka, da me na dawo yau, kuma a cikin gidan nan wa ya jawo shi? Kusan kullum amsar ita ce ba kowa. Sannan ka sa wayar a aljihu ka yi sallama. Takardun ofis kuma su samu wurin da hannun yaro ba ya kai. Ɗan shekara 6 zai kifar da ruwa gobe ma, aikinsa ke nan.

Mu zo ga dare. Abin da kake yi a kan gado, maimaita magana da ƙera amsar da ba ka bayar ba, masana suna ɗaukar sa da muhimmanci. Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema ta nuna cewa masu wannan saƙe-saƙen sun fi daɗewa cikin baƙin ciki, sun fi faɗawa ciwon damuwa, kuma ba su fi kowa warware matsalarsu ba, ko da yake su a ganinsu neman mafita suke yi. Nan yaudarar take. Ga jikinka, duk maimaitawa sabon faɗa ne, zuciya ta sake tashi, oga yana can yana minshari. Ga ma'auni mai sauƙi: tunanin da zai ƙare da wani abin da za ka yi gobe, tunani ne. Wanda ya zagaya sau biyu bai haifi aiki ba, saƙa ce. Kuma ba a korar ta da cewa "na daina", ƙara dawowa take yi. Abin da ya fi aiki shi ne ka yanka mata lokaci. Da yamma, ba dab da kwanciya ba, ka ɗauki biro da takarda minti 15, ka rubuta abin da ke cin ka, a gefen kowanne ka sa mataki na gaba, ko ka sa "ba a hannuna yake ba". In ta zo da tsakar dare, ka ce mata an rubuta, sai gobe. In ka kai kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka yi zikiri ko karatu, sai ka ji idonka ya yi nauyi ka koma. Ban da waya.

In ka fara rubutun nan za ka ga wani abu. Ƙorafe-ƙorafenka ba iri ɗaya ba ne, kai ne ka zuba su a buhu ɗaya. Cunkoso da ɗaukewar intanet ba ruwansu da kai, ba su san sunanka ba. Mai motar da ya kutso ma bai san ka ba. Mu mutane muna da saurin cewa wani mugun hali gare shi a inda in mu ne muka yi sai mu ce sauri muke yi. Maganin irin waɗannan shiri ne: ka fito da wuri, ka tura aiki kafin ƙurewar lokaci, ka sa a lissafinka cewa kullum sai wani abu ya ƙi tafiya daidai. Wanda ya fito yana tsammanin ranar za ta tafi sumul, kowace tangarɗa cin amana ce a wurinsa.

Amma ƙarin girman da aka tsallake ka, da laifin wani da aka ɗora maka a gaban jama'a, waɗannan ba numfashi ne maganinsu ba, kuma a nan nake ganin an cuce ka da yabon haƙuri. Wanda ba ya tankawa yana da daɗin aiki, shi ya sa ake yabon sa, shi ya sa kuma yake da sauƙin tsallakewa. Ka nemi ganin oga ku biyu, ranar da ranka yake sanyi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in san abin da ya rage mini kafin zagaye na gaba, don in gyara." Ka saurara, ka rubuta abin da ya ce. Batun takarda kuma, ka kai masa shaidar inda kuskuren ya fito, ka roƙi in akwai gyara nan gaba a kira ka gefe. Mai yiwuwa ya ji, mai yiwuwa ya ƙi. In ya ƙi, ka samu amsa, sai ka fara duba wani wurin a natse. Ko ta yaya, maganar da aka faɗa da rana ba ta zuwa neman mutum da dare. Mai bashinka ma haka: saƙo ɗaya a rubuce da ranar biya, in ta wuce a sa wanda yake jin nauyinsa a tsakani, maimakon bugun waya goma kullum, kowanne yana tayar maka da jini.

Jarin da ya narke kuwa, ban ga alamar ka yi makokinsa ba. Ka ambace shi a rabin layi ka wuce. Hasara ce, kuma ba ta kuɗi kaɗai ba, akwai burin da ka ɗora a kai. Ka zauna rana ɗaya ka yi lissafinsa har ƙarshe, irin yadda kake rufe littafin kamfani a ƙarshen shekara: nawa ya shiga, nawa ya fita, ina aka yi kuskure, ina kuma abin ya fi ƙarfinka. Ka faɗa wa matarka adadin, in ba ta sani ba. Ina zaton rabin nauyin ƙirjinka daga nan yake.

Barci zan ja maka kunne a kai, don mutane suna raina shi. A 2007, Matthew Walker da abokan aikinsa sun hana wasu barci kimanin awa 35, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sashen gadin nan ya fi na waɗanda suka yi barci tashi da kusan kashi 60 cikin 100, alaƙarsa da sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka masa birki kuma ta yi rauni. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye. In kana shan kofi ko lemukan ƙara kuzari don ka iya aiki, ka sani rabin sinadarin kafeyin yana nan a jininka bayan kamar awa 5, don haka na la'asar yana cikin masu hana ka barci. Ka tsayar da shi daga azahar. Ka kuma riƙa taka ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar.

Akwai wani malami na Balkh (wani gari a Afganistan ta yau), Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai tare. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, domin in fushi ya taso ba lokacin ƙirƙiro su. Ka zaɓi jimla ɗaya ko biyu naka na kanka, gajeru, waɗanda ka yarda da su. Wani yakan riƙe ayar da ta yabi masu haɗiye fushi da yafe wa mutane a suratu Ali Imrana. Wani kuma tambaya yake riƙewa: "Nan da wata guda zan tuna wannan?" Ka riƙa maimaita su ranar da ba komai, don bakinka ya saba.

'Yarka kuwa, kada ka bari a ƙara mako. Kada ka aiki uwarta, kada ka sayo mata kyauta ka ɗauka an gama. Ka durƙusa har idonka ya zo daidai da nata, ka ce, "Ranar nan na yi miki tsawa, ban kyauta ba. Ba ke kika ɓata mini rai ba. Ki yafe wa Baba." Kada ka liƙa "amma ke ma" a ƙarshe, yana goge duk abin da ya gabata. Ƙila ta yi shiru, ƙila ta gudu. Ka ƙyale ta. Yaro ba da magana yake yarda ba, da maimaici yake yarda: ka shigo yau lafiya, gobe lafiya, jibi ta zubar da wani abu ka ce "ɗauko tsumma". Wasu iyaye suna ganin ba wa yaro haƙuri zubar da girma ne. Ni ban yarda ba. Yaron da bai taɓa ganin babba ya gyara kuskurensa ba, a ina zai koya? Uwarta ma tana bin ka irin wannan bashin, don ita ke tsayawa tsakani.

Za ka sake yin fushi, wannan tabbas ne, wataƙila ma cikin makon nan. Kada ka ce shi ke nan, ba amfani. Ka auna da wasu tambayoyi: na gane alamar kafin in buɗe baki ko bayan? Awa nawa na ɗauka kafin in huce, idan aka kwatanta da watan jiya? Na ba da haƙuri a ranar ko sai da aka kwana? Ka ba abin kamar wata biyu kana yi kullum kafin ka yanke hukunci.

Ƙirjin nan da ka ce a cushe yake, kada ka ɗora shi duka a kan ɓacin rai ba tare da an duba ba. Ka je a auna jininka da sukari, ka gaya wa likita batun barcin da saurin fushin, domin hawan jini ba ya sallama, kuma ciwon sukari da matsalar ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod suna iya sa mutum saurin hasala. In ciwon ƙirjin ya zo da gumi ko sarƙewar numfashi, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan na gaggawa ne, asibiti nan take. In kuma ka kai mako biyu kusan kullum ranka a jagule, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, ko cin abincinka ya canza, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. Ciwon damuwa a wurin maza sau da yawa da fuskar faɗa yake zuwa, kuma yana jin magani. Ranar da ka ji hannunka yana neman tashi a kan wani a gidan, ko tunanin cutar da kanka ya gifta maka, kada ka jira wata biyun da na ce. A ranar za ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi, ya raka ka wurin likita.